Darasi: Ciwon Dasashi da Alaƙarsa da Ciwon Sukari da na Zuciya

Mutane da yawa sukan ga ɗan ja-ja a tofinsu bayan sun yi aswaki, su ce itacen ne ya yi tauri ko kuma sun danna da ƙarfi, su kuskure baki su kama harkar gabansu. Lafiyayyen dasashi ba ya zubar da jini don kawai an goge shi. Idan jinin ya zama na kullum, to dasashin ba shi da lafiya, ko da mutum bai ji zafi ko kaɗan ba. A wannan darasi za mu bi sawun wannan ciwo daga baki zuwa cikin jini, mu ga inda ya haɗu da ciwon sukari, da inda ake zargin yana da hannu a ciwon zuciya. Alaƙarsa da sukari tana da hujjoji masu ƙarfi. Ta zuciya kuwa akwai ta, amma sai an yi hattara wajen bayaninta, domin an sha zuzuta ta fiye da kima.

Yadda ciwon ke kama mutum

A bakin kowa, mai tsafta da marar tsafta, akwai ƙwayoyin bakteriya. Masana sun gano kusan iri 700 da kan zauna a bakin ɗan Adam. Yawancinsu ba su da illa, sai idan an bar su sun taru. Sa'o'i kaɗan bayan an wanke baki sukan fara yin wani farin datti mai danƙo a gindin haƙori, daidai inda haƙorin ya shiga dasashi. Wanda ya kankari wurin da farce da safe zai gan shi. Muddin yana da laushi, aswaki ko buroshi na fitar da shi. Idan aka yi kwanaki ba a taɓa shi ba, ma'adinan da ke cikin yawu sukan shige shi, ya daskare ya yi tauri, ya rine ya koma ruwan ƙasa ko baƙi, musamman a bakin mai cin goro ko mai shan taba. Daga nan ya fi ƙarfin aswaki, sai ma'aikacin asibitin haƙori ya kankare shi da kayan aiki.

A shekarar 1965 wani likitan haƙori mai suna Harald Löe ya yi gwaji a ƙasar Denmak. Ya samu matasa masu lafiyayyen baki, ya ce su daina wanke baki kwata-kwata. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura ya yi ja. Da suka koma wanke baki, cikin kamar mako guda ya warke. Wannan shi ne matakin farko na ciwon, kuma yana warkewa sarai, ba ya barin tabo.

Mataki na biyu shi ne babbar matsalar. Tsakanin haƙori da dasashi akwai ɗan rami wanda zurfinsa ga mai lafiya bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Idan kumburi ya daɗe, dasashi yakan saki haƙori, ramin ya yi zurfi ya kai milimita 4, ko 6, ko fiye. A can ƙasa babu iska, kuma bakteriya mafi ɓarna irin wannan wuri suka fi so. Jiki yakan tura fararen ƙwayoyin jini su yaƙe su, to amma a yaƙin da ba ya ƙarewa, makaman jiki da kansu suke cinye zaruruwan da suka ɗaure haƙori da kuma ƙashin muƙamuƙin da yake zaune a ciki. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Sai a ga haƙori ya ƙara tsawo alhali dasashi ne ya janye, wushirya ta fito wa wanda ba a haife shi da ita ba, baki ya riƙa wari ko an wanke shi, wani lokaci mugunya ta fito in an danna. A ƙarshe haƙori ya fara girgiza ya faɗi, lafiya lau, ba ko rami a jikinsa. Mu kuma sai mu ce tsufa ne. Tsufa shi kaɗai ba ya cire haƙori.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2022 cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna da wannan ciwo a mataki mai tsanani, wato mutum fiye da biliyan ɗaya.

Abin da ya sa ciwon bai tsaya a baki ba shi ne, cikin kowane irin wannan rami ɗanyen miki ne. Masu bincike sun ƙiyasta cewa idan aka haɗa faɗin mikin da ke kewaye da dukan haƙoran mai ciwon, zai kai murabba'in santimita 8 zuwa 20, wato a mai tsanani kusan faɗin kwalin ashana. Da a ƙafa mutum yake da gyambo mai wannan girma, yana tsiyayar jini kullum, da tuni an kai shi asibiti. Amma da yake a ɓoye yake, kuma ba ya zafi, sai a yi shekara goma ana tauna tuwo a kansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ta nan bakteriya da gubarsu ke shiga jini duk lokacin da aka tauna abu mai tauri ko aka goge baki.

Sukari na cin dasashi, dasashi na tayar da sukari

Tuwo, shinkafa, fura, burodi da rogo duk sukan narke su zama sukari a cikin jini. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke samar da sinadarin insulin wanda ke sa tsoka da sauran sassan jiki su karɓi sukarin su yi aiki da shi. A irin ciwon sukarin da ya fi kama manya, jiki ne ke daina jin maganar insulin, sukari ya yi ta taruwa a jini. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ke da ciwon, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka kudu da Sahara, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su san suna da shi ba. A Nijeriya kaɗai an ƙiyasta kusan miliyan uku da dubu ɗari shida.

Sukari mai yawa a jini yana cutar da dasashi ta hanyoyi da dama a lokaci guda. Fararen ƙwayoyin jini sukan yi sanyin jiki wajen kashe bakteriya, amma kumburin da jiki ke tayarwa ya wuce kima. Sukarin yakan manne wa naman jiki ya sa shi tauri, ya kuma riƙa tsokano kumburi. Ƙananan jijiyoyin jini sukan yi kauri, abinci da iska su rage isa wurin, rauni ya ƙi warkewa. Dalilin da ya sa ɗan raunin ƙaya a ƙafar mai sukari ke zama gyambo, shi ne dalilin da ya sa dasashinsa ba ya murmurewa. Ga kuma bushewar baki saboda yawan fitsari, alhali yawu ne ke wanke baki dare da rana ba tare da mun lura ba.

Mafi yawan abin da aka fara sani a kan wannan ya fito ne daga ƙabilar Pima, 'yan asalin ƙasar Amurka da ke zaune a jihar Arizona, waɗanda ciwon sukari ya yi wa katutu fiye da kusan kowace al'umma a duniya. An yi shekaru da dama ana bibiyar lafiyarsu, har da ta bakinsu. An samu cewa mai sukari a cikinsu ya fi wanda ba shi da shi kamuwa da ciwon dasashi mai tsanani kusan sau uku. Shi dai Löe ɗin nan, a 1993, ya kira ciwon dasashi illa ta shida ta ciwon sukari, bayan lalacewar ido, da ƙoda, da jijiyoyin ji, da manyan hanyoyin jini, da jinkirin warkewar rauni. Amma a lura da wani abu mai kwantar da hankali: haɗarin yana bin yawan sukarin ne. Mai ciwon sukari da ya riƙe maganinsa da abincinsa, sukarinsa ya daidaita, dasashinsa bai cika bambanta da na sauran mutane ba.

Ɗaya ɓangaren shi ne wanda ko ma'aikatan lafiya ba kowa ke tunawa da shi ba. Dasashin da ya daɗe a kumbure yana zuba wa jini sinadaran kumburi kullum, su kuma waɗannan sinadarai suna ƙara toshe kunnen jiki daga jin insulin. Sai a ga majinyaci yana shan maganinsa a kan ƙa'ida, ya rage tuwo, ya bar lemon kwalba, amma sukari ya ƙi sauka. A binciken Pima ma an ga haka: masu ciwon dasashi mai tsanani sun fi samun taɓarɓarewar sukari bayan shekara biyu.

Don a gane ko gyara dasashi na sauke sukari, ana amfani da gwajin da ake kira HbA1c. Gwajin yatsa da ake yi da safe yana nuna sukarin wannan lokacin ne kawai. Shi kuwa wannan yana nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku da suka wuce, domin sukari na manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuma sukan rayu kusan kwana 120. Maki 6.5 zuwa sama alamar ciwon sukari ce, kuma ga yawancin majinyata ana so a riƙe shi ƙasa da 7. A Landan, a wani bincike da aka wallafa a 2018, an raba masu sukari 264 kashi biyu: wasu aka yi musu cikakken gyaran dasashi, wasu aka yi musu wankin sama-sama. Bayan shekara guda, makin rukunin farko ya fi na biyu sauka da 0.6. Ba kowane bincike ne ya ba da wannan sakamako ba. Wani da aka yi a Amurka da mutum 514, aka wallafa a 2013, bai ga wani bambanci ba. Amma da cibiyar Cochrane ta tattara bincike 35 da suka ƙunshi mutum 3,249 a 2022, ta samu cewa gyaran dasashi yana sauke makin da kusan 0.4 bayan wata uku zuwa huɗu, da kusan 0.5 bayan shekara. Adadin yana kama da ƙarami, amma ba ƙarami ba ne: ya yi kusa da abin da akan samu idan aka ƙara wa majinyaci magani na biyu. Wannan ba ya nufin a ajiye metformin ko allurar insulin a koma wankin haƙori. Ƙari ne a kan magani. Sai dai abin takaici ne a ce a asibitocinmu ana duba idon mai sukari da ƙafarsa da fitsarinsa, amma da wuya a ce masa buɗe bakinka in gani.

Ina zuciya ta shigo?

Ciwon zuciyar da ake magana a nan shi ne na toshewar jijiyoyin jini. Kitse yakan taru a bangon jijiya ta ciki, wurin ya kumbura, hanya ta ƙuntata. Rana ɗaya tarin ya fashe, jini ya daskare a kansa, hanyar ta toshe. In a jijiyar da ke ciyar da zuciya ne, shi ne bugun zuciya. In a ta ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. Kumburi yana da hannu a kowane mataki, shi ya sa masana suka fara zargin duk wani ciwo da ke riƙe jiki cikin kumburi na shekaru.

A 1989 likitoci a Finland suka lura cewa waɗanda aka kwantar saboda bugun zuciya bakinsu ya fi na sa'o'insu lalacewa. A Suwidin, a 2016, an gwada mutum 805 da suka yi bugun zuciya na farko da wasu 805 masu lafiya, sa'anninsu: kashi 43 cikin 100 na majinyatan suna da ciwon dasashi, a masu lafiyar kuwa kashi 33. A cikin Pima, an bibiyi masu sukari 628 har kimanin shekara 11, aka ga masu ciwon dasashi mai tsanani sun fi mutuwa da ciwon zuciya ko na ƙoda fiye da sau uku. An kuma samu ɓurɓushin bakteriyar dasashi a cikin tarin kitsen da likitoci suka ciro daga jijiyoyin majinyata. A wani gwaji da aka wallafa a 2007, an yi wa masu ciwon dasashi cikakken gyara. Washegari jijiyoyinsu suka ɗan taɓarɓare saboda girgizar aikin, amma bayan wata shida sun fi buɗewa da kyau fiye da na waɗanda ba a yi wa ba.

To amma ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. Mai shan taba yana lalata dasashinsa, yana kuma lalata jijiyoyinsa, ko da babu wata hanya tsakanin biyun. Haka ciwon sukari, da ƙiba, da yawan shekaru, da talaucin da ke hana mutum zuwa asibiti kowane iri. Masu bincike sukan yi lissafi su cire tasirin waɗannan, kuma ko bayan an cire alaƙar tana raguwa ne ba ta ɓacewa. Duk da haka, a 2012 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta duba hujjojin ta ce alaƙa dai akwai, amma ba a tabbatar cewa ciwon dasashi ne ke jawo ciwon zuciya ba, ba a kuma tabbatar cewa gyara shi na hana bugun zuciya ba. Don haka duk wanda ya tallata muku man goge baki ko wani jiƙo da sunan rigakafin ciwon zuciya, ya faɗi abin da ba shi da hujja. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne, mai ciwon dasashi mai tsanani ya cancanci a auna masa jini da sukari, kuma mai sukarin da ya gyara dasashinsa ya rage wa zuciyarsa nauyi ta hanyar sukarin da ya sauka.

Akwai wata alaƙa daban da babu jayayya a kanta. Yaron da ya yi ciwon maƙogwaro ba a yi masa magani ba, wani lokaci yakan yi zazzaɓi mai kumburin gaɓoɓi wanda ke lalata ƙofofin da ke cikin zuciya. Irin wannan ciwo ya ragu ƙwarai a Turai, amma a ƙasashenmu yana nan. Bakteriyar baki da ta shiga jini tana iya sauka a kan ƙofar da ta lalace, ko wadda aka dasa, ta yi gida a can, kuma wannan ciwo ne mai kisa. Duk wanda aka taɓa gaya masa yana da matsalar ƙofar zuciya, ko aka yi masa aiki a kanta, dole ya faɗa kafin a taɓa haƙorinsa.

Magungunan hawan jini da na zuciya ma suna da nasu tasirin a baki. Amlodipine da nifedipine, waɗanda aka fi bai wa masu hawan jini a wurinmu, sukan sa dasashin wasu mutane ya yi kauri ya hau kan haƙori, musamman in bakin ba shi da tsafta. Wanda ya ga haka kada ya daina shan magani da kansa. Ya koma wurin likita, akwai wasu da za a iya canza masa. Masu shan asfirin ko warfarin don tsinka jini su ma su sanar da likitan haƙori, shi zai yanke abin da za a yi.

Aswaki, buroshi da asibiti

Aswaki ba abin rainawa ba ne. Bincike ya nuna cewa wanda ya iya amfani da shi yana cire datti kusan kamar mai buroshi, kuma wanda ke yin sa kafin kowace salla ya fi mai goge baki sau ɗaya a rana yawan kai wa haƙoransa ziyara. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya a haƙoran gaba, waɗanda ake gani in an yi murmushi, a bar turame da ɓangaren ciki na wajen harshe, inda dattin ya fi daskarewa. Wani kuskuren shi ne dirza da ƙarfi da busasshen ice har dasashi ya janye. A jiƙa kan aswakin, na darbejiya ne ko na marke ko wanda ake kawowa daga Makka, a tauna har ya yi laushi, a bi gindin haƙori ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje, a riƙa yanke kan da ya tsufa. Abin da aswaki ba shi da shi isasshe shi ne sinadarin fulorayid da ke cikin makilin, mai hana haƙori ruɓewa, don haka haɗa biyun ya fi: buroshi mai laushi da makilin safe da dare, minti biyu-biyu, aswaki kuma da rana. Na dare ya fi muhimmanci, domin yawu na raguwa in an yi barci. Tsakanin haƙora kuwa sai sakace, da zaren da aka yi don haka ko tsinke mai tsafta a hankali, ba allura ko tsinken tsintsiya ba. Gawayi da toka suna sa haƙori fari na ɗan lokaci, amma suna goge fatarsa, ita kuma ba ta sake tsirowa.

Idan wuri na jini, mutane sukan kauce masa don kada su fama ciwo. Nan ne ma ya fi bukatar gogewa, a hankali, kullum. In mako biyu ya wuce jinin bai tsaya ba, sai asibiti. Mai shan sigari kuwa kada rashin jini ya ruɗe shi: taba tana matse ƙananan jijiyoyin dasashi, sai ciwon ya yi ta ci a ƙasa ba alama, kuma gyara ba ya kama shi kamar yadda yake kama wanda ba ya sha.

Likitocin haƙori sun yi mana kaɗan, kuma yawancinsu a birane suke. Akwai sashen haƙori a asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da manyan asibitocin jihohi da dama. Mai ciwon sukari ya yi ƙoƙari a duba bakinsa aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da zai haɗa tafiyar da ranar karɓar maganinsa ne. Ya nemi a gan shi da safe, ya karya kumallo ya sha maganinsa kamar kullum, ya tafi da katinsa da kwalayen magungunan da yake sha. Kada ya bari mai cire haƙori a kasuwa ya taɓa shi, domin raunin da wani zai warke daga gare shi cikin mako ɗaya, shi yana iya zame masa ƙurji mai kumbura fuska da wuya. Wanda kuma ba a taɓa ce masa yana da sukari ba, amma ya haura shekara 40, dasashinsa na yawan yin ƙurji, haƙora na girgiza, ga ƙishirwa da yawan fitsarin dare, ya je a auna shi kafin ya ci komai da safe. Sakamakon da ya kai 126 a ma'aunin miligiram, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin da wasu asibitoci ke amfani da shi, yana bukatar a maimaita gwajin a kuma ga likita.

Aikin aji

Ku kasu gida biyu. Rukunin farko ya bayyana wa na biyu, da kalmominsa, yadda sukari ke lalata dasashi. Na biyu ya mayar da bayanin yadda dasashi ke tayar da sukari. Sannan ku tattauna tare: wani maƙwabcinku mai shekara 55, mai shan sigari, yana da ciwon dasashi, ya kuma yi bugun zuciya. Ɗansa ya ce haƙoran ne suka jawo. Me za ku ce masa?

A gida, kowa ya tsaya gaban madubi da haske mai kyau, ya duba dasashinsa na sama da na ƙasa, ya rubuta a littafinsa launin da ya gani, da inda ke jini in akwai, da ko akwai haƙorin da ke motsi. A zo da littafin ranar darasi na gaba.